Me Ya Kashe Jirgin Ƙasan Kano Zuwa Ikko?

Wani matashi daga unguwar Ƙoƙi ya aiko da tambaya. Ya ce kakansa fataucin goro ya yi, kuma har Allah ya karɓi ransa hirarsa ba ta wuce jirgin ƙasan da ke kai shi Ikko ya dawo da shi. Shi kuwa tunda ya yi wayo bai san dogo da komai ba sai ciyawa da rumfunan 'yan tireda a gefensa. Yana son ya san yadda aka fara wannan jirgi, abin da ya kashe shi, ko gaskiya ne masu manyan motoci ne suka haɗa baki suka durƙusar da shi, da kuma ko akwai ranar dawowarsa.

Ɗana, Allah ya jiƙan kakanka, kai kuma ya yi maka albarka da ka tambaya. Harkar sufuri ita na karanta, ita nake koyarwa, kuma ina cikin waɗanda suka riski jirgin nan da sauran ƙarfinsa, don haka maganar tana taɓa ni ƙwarai. Akwai abu ɗaya da in ka riƙe shi sauran bayanin zai zo maka da sauƙi. Kuɗin tikitin fasinja bai taɓa zama abin da ke riƙe da dogon nan ba. Gyaɗa da auduga da fatu da kuza da kwal da shanu, su ne ke biyan albashin leburan da ke tsare hanya, su ke sayen mai da kayan gyara. Fasinja tamkar matafiyin da ya bi ayarin fatake ne: ya samu tsaro da abokan hira da hanya mai sauƙi, amma ayarin don kaya ya tashi, kuma ranar da kaya suka ƙare ayari ya watse. Duk tarihin da zan ba ka yana komawa nan.

Turawa sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903. A lokacin sun riga sun fara shimfiɗa dogo daga Legas tun 1896, ya kai Badun a 1901. Gwamnatin Arewa daban take da ta Legas, kuma ba ta so kayanta su dogara da tashar wasu. Saboda haka da Percy Girouard ya zo gwamna a 1907, mutumin da aikinsa na asali shi ne gina hanyar jirgi, kuma ya yi irinsa a Sudan, sai ya fara nasa dogon daga Baro a bakin kogin Kwara, ya biyo ta Minna da Kaduna da Zariya. Dabarar ita ce jirgin ƙasa ya sauke kaya a Baro, jirgin ruwa ya ɗauka zuwa teku. Ƙarfen ya iso Kano a 1911, zamanin Sarki Abbas, aka buɗe shi ga ciniki a 1912. Su ma na Legas ba su tsaya ba, suka ƙetaro ta Ilori da Jebba da Zungeru suka haɗe da na Baro a Minna, kuma a 1912 ɗin aka haɗa hukumomin biyu wuri guda. Baro ba ta daɗe ba, domin manyan jiragen ruwa ba sa iya isowa sai ruwa ya cika. Legas ta cinye kasuwar. Har zuwa 1916 da aka gama gadar Jebba, a kan jirgin fito ake ƙetarar da taragu.

Kada a manta da waɗanda suka haƙa. Aikin diga aikin tilas ne. Ana aiko wa hakimai da dagatai adadin mutanen da za su kawo, a kwashe manoma daga gonakinsu, su yi makonni suna sara da ɗaukar ƙasa a ka. Ɗan abin da aka biya su, da shi kuma za su biya haraji. Sarkin Zazzau Aliyu Ɗansidi ya ga wannan aiki da idonsa a ƙasarsa, har ya yi waƙa a kansa. Duk wanda ke yabon dogon Turawa ya dace ya tuna gumin wa ke ƙarƙashin tsakuwar.

Sannan an gina shi da araha, kuma wannan arahar ta bi shi har kabarinsa. Faɗin tsakanin ƙarafan biyu ƙafa uku da rabi ne, wato milimita 1,067. Layi ɗaya ne tal daga tashar Iddo da ke Legas har Kano, kilomita 1,126. In an tarar da tudu, maimakon a fasa shi sai a kewaye, in an tarar da kwari sai a bi gefensa. Shi ya sa hanyar take cike da kwana masu tsanani da hawa da gangara. Jirgi ba ya iya gudu a irin wannan hanya ko da sabo ne fil. Ga buhun gyaɗa wannan ba matsala ba ce, gyaɗa ba ta sauri. Ga ɗan Adam kuwa, ranar da ya samu abin da ya fi sauri zai bi shi.

Abin da Turawa suka sa rai da shi auduga ce, don masaƙun Lancashire na Ingila. Manomin Kano ya duba ya ga masaƙan gida sun fi biyan auduga da daraja, gyaɗa kuma ta fi sauƙin noma, in kasuwa ta faɗi ma a ci ta. Fatake irin Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, waɗanda suka ƙware a ayarin goron Gwanja, suka shiga ƙauyuka suna ba da bashi da gishiri da tufa, a biya su da gyaɗa. Abin da Najeriya ta fitar bai wuce tan 2,500 da 'yan kai ba a 1912, amma a 1913 ya haura tan 19,000, har tashar Kano ta rasa inda za ta sa buhuna. Daga wannan zamani ne marigayi Alhaji Alhassan Ɗantata ya tashi, ya zama babban mai saya wa kamfanin Neja.

Cikin shekaru kaɗan jirgi ya juya wa Kano fuska. Da can arewa take kallo, inda raƙuma ke shafe watanni kafin su iso daga Tarabulus da Gadamus. Yanzu kaya daga Ingila kan iso Legas ta ruwa, su kwana biyu ko uku a dogo, sai ga su a Kano. Ayarin hamada ya mutu a hankali. Goron da jakuna ke kwashe rabin shekara suna ɗaukowa ya koma zuwa cikin kwanaki, ɗanye shar, kuma daga baya aka shiga nomansa a ƙasar Yarbawa kusa da dogo. Shanun da ake korawa a ƙafa su isa kurmi a rame, aka fara loda su a tarago. Tasha tana wajen ganuwa ta gabas, sai sabon gari na ciniki ya tsiro a kewayenta: kantunan kamfanonin Turawa, Kwarori a Fagge inda Kantin Kwari ya samo asali, da Sabon Gari da aka yanka wajen 1913 don akawuna da ma'aikatan reluwe da suka zo daga kudu. Can kudu kuma Hausawa suka kafa Sabo a Badun a 1916, suka cika Agege. Masana'antun Bompai da suka zo daga baya ma dogo suka bi. In ka cire jirgin ƙasa daga tarihin Kano ta ƙarni na ashirin, rabin unguwannin waje ba su da dalilin zama inda suke.

Aka ci gaba da miƙa rassa. Layin gabas da ya taso daga Fatakwal ta Inugu ya haɗe da Kaduna ta Kafanchan a 1927. Zariya zuwa Gusau da Ƙauran Namoda a 1929. Kano zuwa Nguru ta Ringim da Malam Madori a 1930. Na ƙarshe shi ne na Borno, daga Kuru ta Bauchi da Gombe, ya isa Maiduguri a 1964. Jimilla kimanin kilomita 3,505. Ka lura da siffarsa: kowane layi teku ya nufa. Babu dogo daga Kano zuwa Katsina ko Sakkwato. Mai son zuwa Maiduguri daga Kano a jirgi sai ya gangara Kaduna, ya bi Kafanchan, ya hau Kuru, sannan ya juyo arewa maso gabas, alhali mota ta Wudil da Potiskum miƙewa kawai za ta yi. An zana shi don fitar da amfanin gona, ba a zana shi don zumuncinmu ba, kuma bayan samun 'yanci ba mu sake zanen ba.

Amma duk da haka, abin da kakanka ke ba ku labari gaskiya ne, ba ƙari. Jirgin yana da aji uku. Na ɗaya da ɗakunan kwana da taragon cin abinci, na manyan ma'aikata da attajirai. Na uku kuwa benci ne na katako, nan talaka yake, da tabarmarsa da butarsa da ƙullin garinsa, ga huhun goro, ga kwandon kaji. Ka tashi Kano ka bi Challawa da Madobi, ka isa Zariya, Kaduna, Minna, Zungeru, Mokwa, ka ƙetare Kwara a Jebba inda mata ke miƙo soyayyen kifi ta taga, sai Ilori, Offa, Oshogbo, Badun, Abekuta, Agege, har Iddo. Kwana da yini ne, wani lokaci fiye. A ciki Bahaushe ya koyi Yarbanci, Bayarabe ya koyi Hausa, aka ƙulla amanar ciniki da ta kai jikoki. Ɗalibai da sojoji da ma'aikatan gwamnati da takardar izini suke hawa. Wasiƙu da jaridu a cikinsa suke zuwa. Mace da 'ya'yanta za ta yi wannan doguwar tafiya ita kaɗai, hankalin mijinta kwance. Aikin reluwe kuma aiki ne na alfahari, da gidaje da asibiti da kulob, kuma ƙungiyar ma'aikatansa ƙarƙashin Michael Imoudu ita ce ƙashin bayan babban yajin aikin 1945. A 1955 aka kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya, a daidai lokacin da kawunan jirgi masu shan dizal suka fara maye gurbin masu cin kwal. A 1964 hukumar ta ɗauki fasinja sama da miliyan 11 da kaya kusan tan miliyan 3.

Ciwon ya fara tun ana ganin lafiya. Dalar gyaɗar da muke tinƙaho da ita a Ƙofar Mazugal, wadda har a hotunan tarihi muke nunawa, wani ɓangare na tsayinta gazawar jirgi ce. Bayan yaƙin duniya na biyu an yi ƙarancin kawuna da taragu, gyaɗar bana ta tarar da ta bara ba a kwashe ba, dala ta hau kan dala. Tun a nan hukumomin ciniki suka fara waiwayen motoci.

Sai rikicin 1966 da yaƙin basasa. Yawancin direbobi da makanikai da akawunan tashoshin Arewa mutanen gabas ne. Cikin makonni suka tafi, wasu a cikin jirgin da suke yi wa aiki, wasu ba su tsira da ransu ba. Hannun da ya shekara ashirin yana sanin kukan inji ba a maye gurbinsa a wata shida. Layin gabas ya yanke daga 1967 zuwa 1970, gadoji suka karye, wurin gyara na Inugu ya fita daga hannu. Hukumar ta shiga asara tun tsakiyar shekarun 1960, ba ta kuma sake fita ba.

Bayan yaƙi sai gyaɗar kanta ta tafi. Farin farkon shekarun 1970 ya buge ta, cutar da ta auka wa gonaki a 1975 ta ƙarasa ta, kuɗin man fetur kuma ya sa gwamnati ta daina damuwa da abin da manomi ke fitarwa. Ƙasar da ta fi kowa fitar da gyaɗa a duniya ta wayi gari ba ta da ta sayarwa. Kuzar Jos ta ja baya, kwal ɗin Inugu ya rasa mai saye. Man fetur da ya rage wa taragu a matsayin babban kaya, aka shimfiɗa masa bututu zuwa manyan ma'ajiyai irin ta Hotoro, aka buɗe matatar Kaduna a 1980, tankoki suka ɗauki sauran. A 1974 fasinja sun sauko zuwa miliyan 4 da 'yan kai, kaya kuma ƙasa da rabin na 1964.

A gefe guda kuɗin mai titi ya tafi. Aka yi kwalta mai kyau, aka kafa kamfanin harhaɗa Peugeot a Kaduna a 1975, kuɗin ƙarin albashi na Udoji ya shiga aljihun ma'aikata, fetur ya yi arha kamar kyauta. Nan akwai rashin adalcin da mutane ba su cika lura da shi ba. Mai tirela ba shi ke gina titi ba, ba shi ke gyara ramin da nauyin motarsa ya haƙa ba, kuma a wancan lokacin man da yake sha da tallafi a ciki. Jirgin ƙasa kuwa shi zai kula da kowace gada da kowane kwalbati da kowace ƙusa daga Iddo zuwa Nguru daga cikin abin da ya samu. Dokar 1955 ta ba hukumar ikon mallakar harkar ita kaɗai, ta hana kowa shiga, amma kuma ba ta da 'yancin ƙara kuɗin tikiti ko rufe layin da ba ya kawo komai sai da yardar minista. An ɗaure ta, an ce ta yi tsere.

Yanzu bari in nuna maka yadda jirgi ke mutuwa a aikace, domin ba rana ɗaya yake faɗuwa ba. A layi ɗaya jirage biyu ba sa wuce juna sai a tasha, inda aka yi ɗan reshe na kaucewa. Tsakanin kowace tasha da ta gaba, direba ba ya shiga sai shugaban tasha ya miƙa masa sandar izini, kuma na'urar da ke riƙe sandunan ba ta sakin sanda ta biyu sai ta farko ta isa ɗaya gefen. Tsari ne mai aminci matuƙa, amma ya dogara da wayar da ke haɗa tashoshi da kuma kowa ya zo a kan lokacinsa. To, a ce kuɗin gyara ya ragu. An rage leburan da ke bin hanya kullum suna ɗaure ƙusa, suna cusa tsakuwa, suna share magudanar ruwa. Damina ɗaya, biyu, ƙasa ta fara zaizayewa a ƙarƙashin ƙarfe. Injiniya ba shi da kuɗin gyara, abin da ke hannunsa shi ne ya kafa doka cewa a nan kada a wuce gudun kilomita 15 a awa. Bana wuri goma, baɗi wuri hamsin. Jirgin da ya makara awa biyu ya rasa wurin haɗuwarsa, sai wanda ke tahowa daga kudu ya tsaya jiransa a wata tasha cikin daji, shi ma ya makara, ya makarar da na bayansa. In kan jirgi ya lalace tsakanin Zungeru da Mokwa, duk layin ya toshe har sai an nemo wani kan daga Minna, in akwai. In ɓarayi sun yanke waya, sandar ma ba ta fita. Haka tafiyar kwana da yini ta zama kwana biyu, ta zama uku, har ta kai ba mai iya ce maka ga ranar isa.

Mai goro shi ya fara gudu, don goro ba ya jira. Mai shanu ya bi shi, don dabba tana mutuwa a tarago. Ɗan kasuwar Kwari da ya ga dilarsa ta yi makonni a hanya ya koma wa tirela ko da ta fi tsada. Masu albashi suka koma manyan bas-bas na Sabon Gari da ke kwana ɗaya a hanya, masu hali suka hau jirgin sama. Wa ya rage? Talakan da ba shi da zaɓi, wanda kuɗin tikitinsa ba ya sayen ko man tafiyar. Kuɗi ya ƙara raguwa, gyara ya ƙara raguwa, jirgi ya ƙara makara.

Kawunan jirgin ma sun zama wata masifar. Kowace gwamnati da inda take sayowa: Ingila, Amurka, Kanada, Japan, Jamus, Koriya, daga baya Sin. Kowanne da irin kayan gyaransa. Da darajar naira ta faɗi bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, sayo kayan gyara ya gagara, sai makanikai suka koma cire na wannan su sa wa wancan. Kan jirgin da ya shiga loko don ƙaramin gyara, a nan zai tsufa.

An yi ƙoƙarin ceto, kuma ɗaya daga ciki yana da darasi babba. Daga 1979 zuwa 1982 aka ba ƙwararrun Indiya na kamfanin RITES riƙon hukumar. Ba su gina sabon layi ba. Jadawali suka tsare, suka tayar da kawunan da ke kwance, suka bi lissafin taragu. Fasinja suka dawo, har a farkon shekarun 1980 adadinsu ya sake haura miliyan 10. Wannan ya nuna mutane ba su ƙi jirgi ba, rashin tabbas suka ƙi. Bayan tafiyarsu aka koma gidan jiya. A 1988 hukumar ta tsiyace, aka sallami dubban ma'aikata, albashi da fansho suka maƙale. Samuel Ogbemudia ya riƙe ta daga 1989 ya ɗan farfaɗo da ita. A 1995 gwamnatin Abacha ta ba kamfanin CCECC na Sin kwangilar sama da dala miliyan 500, aka kawo kawuna 50 da taragu, amma sabon kai a kan ruɓaɓɓiyar hanya ba ya daɗewa. A 2003 fasinjan ƙasar gaba ɗaya ba su kai miliyan 2 ba. Hukumar da ta taɓa ɗaukar ma'aikata wajen 45,000 ta koma 'yan dubbai. Jirgin Kano zuwa Legas ya dinga raguwa har ya tsaya cak.

Game da masu manyan motoci, ga ra'ayina. Sun ci riba da mutuwar jirgi, wannan ba shakka, kuma mai cin riba ba ya roƙon a tayar da kishiyarsa. Amma ban yarda cewa su suka kashe shi ba, kuma ina ganin wannan zance yana cutar da mu, domin yana ɗauke laifi daga inda yake. Ba mai tirela ba ne ya hana kuɗin tsakuwa a kasafin kuɗi shekara talatin. Ba shi ya bar doka ɗaya ba gyara tun 1955 ba. Ba shi ya yi ta sauya shugabannin hukumar ba, ko ya fifita sayo sabo a kan gyaran na hannu saboda a sayen ne ake samun rabo. Yawancin masu motocin nan ma 'ya'yan fataken da jirgi ya yi wa hidima ne, sun sayi mota ne ranar da jirgi ya daina cika musu alkawari. Mu ma jama'a da namu kason: hawa ba tikiti, kwance ƙarafan dogo a sayar wa 'yan gwangwan, gina shago da zuba shara a kan filin reluwe. Ka bi layin daga tasha zuwa Sharaɗa ka gani da idonka.

Ya taɓa dawowa, wataƙila kana yaro a lokacin. A 2006 gwamnatin Obasanjo ta sa hannu a kwangilar dala biliyan 8.3 don sabon layi mai faɗi daga Legas zuwa Kano, gwamnatin 'Yar'aduwa ta dakatar da ita, aka zaɓi a gyara tsohon tukuna. CCECC ya ɗauki Legas zuwa Jebba, kamfanin Costain ya ɗauki Jebba zuwa Kano, aka sayo kawuna 25 daga kamfanin General Electric. A watan Disamba na 2012 jirgin fasinja ya sake tasowa daga Iddo zuwa Kano. Sau ɗaya a mako, tafiyar sama da awa 30, kujerar talaka ba ta kai naira 2,000 ba. Ya riƙa cika maƙil, har da na tsaye. Na yi murna ƙwarai a lokacin, amma abin da na riƙa dubawa shi ne taragun kaya, kuma ba su dawo yadda za su riƙe hanyar ba. Siminti da taki da hatsi da kwantena suka ci gaba da bin titi. Maganar ba wa General Electric riƙon tsohon layin ta watse a 2018. Ruwa ya yi ta cin hanya a yankin Mokwa. Annobar korona ta tsayar da komai a 2020, sannan 'yan bindiga suka mai da dajin da ke tsakanin Minna da Kaduna wurin da ba direban da za a tura da rayukan mutane. Harin da aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris, 2022 ya nuna cewa tsoron ba na banza ba ne.

To, zai dawo? Irin wanda kakanka ya hau, mai bin tsohuwar hanya kwana da yini, ba na jin zai sake zama abin hawan mai sauri, kuma ba na ganin hikimar a yi ta zuba kuɗi don a mai da shi haka. Amfanin tsohon layin yanzu kaya ne masu nauyi da gajerun tafiye-tafiye irin Kano zuwa Nguru ko Kano zuwa Zariya, inda talaka da buhunsa ke buƙatar araha fiye da gudu. Fatan doguwar tafiya yana kan sabon layi mai faɗin milimita 1,435. An buɗe Abuja zuwa Kaduna a 2016, Legas zuwa Badun a 2021. A 2021 ɗin aka aza harsashin Kaduna zuwa Kano, kilomita 203, da na Kano zuwa Maraɗi ta Katsina, wanda a karon farko zai ba mu dogon da ya kalli arewa. Rancen da aka dogara da shi ya yi ta jinkiri, aikin ya yi ta tafiyar hawainiya. Kuma ko an gama Kaduna zuwa Kano gobe, akwai babban giɓi tsakanin Badun da Abuja, jirgin sabon layi kuwa ba ya hawa tsohon. Sai an cike wannan giɓi kafin a ce Kano ta sake haɗuwa da teku.

Gyaran tsarin mulki na 2023 ya ba jihohi damar gina nasu layin, abin da tsohuwar doka ta hana, kuma wannan ci gaba ne na gaske. Amma in kana son ka gane ko da gaske ake, kada kyawun ginin tasha ya ɗauke maka hankali. Ka tambaya ko dogo ya shiga cikin tashar tsandauri ta Dala da ke Zawaciki, wadda aka buɗe a farkon 2023, ta yadda kwantena za ta taso daga tashar jiragen ruwa ta Apapa a Legas ta sauka a nan ba tare da ta hau tirela ba. Ka tambaya ko an yi reshe zuwa Dawanau, inda riɗi da zoɓo da citta da waken suya ke fita ƙasashen waje, da kuma Challawa da Sharaɗa da Bompai. Ka duba kasafin kuɗi ka ga ko akwai layin da aka rubuta gyaran hanya na kowace shekara, da nawa aka saki daga ciki. Jirgi ɗaya mai tarago 20 yana ɗauke wa titin Zariya tirela 20 ko fiye, kuma kuɗin dakon waɗannan taragu ne zai biya leburan da za su sa jirgin fasinja ya bar Kano da ƙarfe takwas kamar yadda aka rubuta a allo.